Furotin ɗin jinin ɗan Adam na ɗakin gwaji: wanne ya cancanci kuɗinsa a Zariya?

Ɗakunan gwaji na Samaru da Shika da ke aiki kan dafin maciji, ko daskarewar jini, ko cutar sikila, ko yadda magani ke manne wa jini, duk buƙatarsu ɗaya ce: furotin da aka tace daga filasmar ɗan Adam, wato ruwan jini da ke raguwa bayan an cire ƙwayoyinsa. Daga waje ake sayo su, da dala ko yuro, cikin 'yan kwalabe waɗanda wasunsu ba su wuce miligiram 1 ba. Kamfanonin da aka fi sani su ne Sigma-Aldrich, wanda yanzu yake ƙarƙashin Merck, da Enzyme Research Laboratories, da Prolytix na Amurka, wanda a da ake kira Haematologic Technologies. Wannan sharhi ya shafi kayan da aka fi yin odarsu: fibirinojin, wanda ke komawa fibirin, wato zaruruwan gudan jini; turombin, enzayim ɗin da ke mayar da shi haka; furoturombin, wanda turombin ke fitowa daga gare shi; filasminojin, wanda ke komawa filasmin mai narka gudan; albumin; da IgG, furotin ɗin garkuwar jiki.

Ra'ayinmu shi ne kayan suna da kyau, kuma sun cancanci abin da ake biya. Amma sai ga wanda ya zaɓi ajin da ya dace da gwajinsa, ya sayi busasshen gari maimakon mai ƙanƙara idan akwai zaɓi, kuma ya gwada kayan a ranar da suka shigo hannunsa. Yawancin abin da ake ɗora wa kamfani laifinsa, a hanya ya faru, ko a firiza, ko a kan teburin aiki.

Kowace lita ta filasma na ɗauke da furotin giram 60 zuwa 80. Albumin ne ya cinye fiye da rabi, giram 35 zuwa 50, IgG na biye da shi, fibirinojin kuwa giram 2 zuwa 4 ne kacal. Tun shekarun 1940 Edwin Cohn na Jami'ar Harvard ya fito da hanyar raba su da etanol mai sanyi: kashi na ɗaya fibirinojin, na biyu IgG, na biyar albumin. Har yau a kan wannan hanya ake ginawa, sai a ƙara tacewa a bututun kuromatogirafi. Abin da ya kamata mai saye ya riƙe daga wannan tarihi shi ne, duk furotin da aka ciro daga irin wannan taro yakan fito da maƙwabtansa a jiki. Bambancin mai araha da mai tsada, wane maƙwabci aka cire, wane aka bari.

Fibirinojin

Shi aka fi saye a nan, kuma shi ya fi ba mutane wahala. Dalilin yawan sayensa a bayyane yake. Binciken dafin kububuwa yana da tushe a garin nan: a Jami'ar Ahmadu Bello ne David Warrell ya yi aiki a farkon shekarun 1970, kuma daga aikinsa da abokansa kan saran kububuwa a arewacin Najeriya ne gwajin daskarewar jini na minti 20 ya yaɗu, wanda asibitoci irin na Kaltungo ke amfani da shi. Har gobe ɗaliban sashen haɗa magunguna, da na kimiyyar sinadaran jiki, da na likitan dabbobi suna gwada saiwa da ɓawon itatuwa a kan dafin kububuwa da kasa da gamsheƙa.

Aji biyu ne a kasuwa. Akwai na gama-gari, busasshen gari wanda furotin ɗinsa kashi 50 zuwa 70 ne cikin 100 na nauyinsa, sauran gishiri ne da sitiret. Akwai kuma wanda aka ƙara tacewa. Enzyme Research, alal misali, tana da matakai uku: wanda aka cire wa filasminojin, wanda aka cire wa filasminojin da furotin ɗin von Willebrand, da wanda aka cire wa waɗannan biyu har da fibironektin.

Kuskuren farko a sikeli ake yinsa. Ɗalibi ya auna gari miligiram 10, ya narka a mililita 2, ya rubuta miligiram 5 a kowace mililita. Alhali idan furotin ɗin kashi 60 ne, abin da ke hannunsa miligiram 3 ne. Kada ku dogara da sikeli. Ku auna shan haske a nanomita 280 cikin kubet na kwaz, ku raba da 1.51, wato shan hasken miligiram 1 na fibirinojin a kowace mililita. Idan kun sirka sau 10 kuka sami 0.453, to ainihin ruwan ya ba da 4.53, wato miligiram 3.0 a kowace mililita. Ku kuma duba 320, ku ɗebe abin da ya nuna daga na 280, domin duk wani gurɓi-gurɓi da ke cikin ruwan yana kumbura lissafi. Gwajin Bradford da aka daidaita da albumin ɗin shanu ba zai ba ku adadin fibirinojin na gaskiya ba, tunda rinin ba ya kama furotin biyun daidai wa daida.

Narka shi ma da ka'ida. Ba a dama shi kamar koko. A ɗumama ruwan gishiri mai kashi 0.9 cikin 100 zuwa digiri 37, a barbaɗa garin a saman ruwan, a bar shi ya jiƙa da kansa, ana ɗan karkata kwalbar lokaci-lokaci. Yakan ɗauki rabin awa zuwa awa guda, wani lokaci fiye. Ruwa zalla ba ya narkar da shi sosai. Idan aka sa shi a na'urar girgiza, kumfa za ta tashi, furotin ya lalace a jikin kumfar, a ga wasu fararen zaruruwa da ba za su sake narkewa ba. In ana son tace shi daga ƙwayoyin cuta, a bi da shi ta matacin maikuron 0.2 da sirinji a hankali, ba da injin zuƙo ba, sannan a sake aunawa domin mataci na riƙe wani kaso.

Abin da ya fi ruɗa sabbin ɗalibai shi ne ƙanƙara. An koya musu cewa kowane furotin a kan ƙanƙara ake ajiye shi. Fibirinojin ba haka yake ba: sanyi na sa shi ya kwanta a gindin kwalba. Idan an ciro shi daga firiza, kai tsaye a bahon ruwa mai digiri 37 za a sa shi, ba tare da girgizawa ba, har sai ya narke tas, sannan a bar shi a zafin ɗaki a gama da shi a ranar. Zafi mai yawa ma makiyinsa ne, a digiri 56 yake dunƙulewa. Wanda ya san yadda but ɗin mota ke zama a rana cikin Maris da Afrilu a Zariya zai gane abin da muke nufi.

Ranar da kwalba ta iso, gwaji biyu ya wajaba. Na farko, nawa ne ke daskarewa. A haɗa miligiram 1 zuwa 2 a kowace mililita cikin bafar Tiris mai gishiri, pH 7.4, a auna 280. A zuba turombin yunit 1 zuwa 2 a kowace mililita, a bar shi awa guda a digiri 37, a matse gudan da tsinken roba, a juya a santirifuj, a auna ruwan da ya rage. Abin da ya ɓace daga ruwan shi ne ya shiga gudan. Mai tsadan ya kamata ya haura kashi 90 cikin 100, na gama-gari kuwa a kwatanta shi da abin da takardar shaidar gwajinsa ta ce. Na biyu, jel ɗin SDS-PAGE, mai raba furotin bisa nauyinsu, mai kashi 10 cikin 100 da makaftoetanol, sinadarin da ke kwance ɗaurin salfa tsakanin sarƙoƙi. Layuka uku za a gani, wajen kilodalton 67, 56 da 47, wato sarƙoƙin fibirinojin uku: alfa, beta da gama. Na saman, wato sarƙar alfa, shi ya fi rauni. Idan ya dusashe tun kafin ku zuba komai, kuma ga ƙananan layuka a ƙasa, kayan sun fara cin kansu. Da irin wannan ba za a iya nuna cewa dafi ya yanka sarƙar alfa ba, domin an riga an yanka ta.

A nan ajin da kuka saya yake nuna kansa. Ɗan filasminojin da ya rage a na gama-gari yana iya komawa filasmin, sai a haɗa jel ɗin fibirin da yamma a wayi gari ya zama ruwa. Mai renon ƙwayoyin halitta a cikin jel zai iya magance wannan da afurotinin ko tiranekzamik asid, masu hana filasmin narka fibirin. Amma mai binciken dafi, ko mai neman enzayim mai narka gudan jini daga daddawa ko wata ƙwayar bakteriya, ba zai iya zuba waɗannan ba tare da ya ɓata gwajinsa ba. Shi dole ya sayi wanda aka cire wa filasminojin. A gwajin farantin fibirin na Astrup da Müllertz na 1952 ma, sai an yi faranti biyu, mai filasminojin da marar shi, kafin a bambance abin da ke narka fibirin da kansa da abin da kawai yake tayar da filasminojin. A nan ƙarin kuɗin bai zama asara ba.

Sitiret ɗin da ke cikin garin ma ba ɗan kallo ba ne. Yana kama kalsiyam, yana kuma rage ƙarfin enzayim ɗin dafi masu dogaro da zinki, irin waɗanda suka cika dafin kububuwa. Idan sakamako ya fito da rauni, a wanke fibirinojin ɗin ta jakar dayalisis cikin Tiris milimola 50 da gishiri milimola 150, a zafin ɗaki, ba a firji ba. Kada a haɗa kalsiyam da bafar fosfet, za su yi farin gurɓi. Idan kuma aka ga sabon layi wajen kilodalton 95 bayan an zuba turombin da kalsiyam, ba datti ba ne: ragowar fakta ta 13, ɗaya daga furotin masu daskarar da jini, ce ta ɗinke sarƙoƙin gama biyu-biyu.

Abu biyu muke roƙon malamai masu duba aikin ɗalibai su lura da su. Dafin kububuwa ba ya daskarar da fibirinojin kai tsaye. Furoturombin yake tayarwa, shi kuma ya koma turombin. Don haka idan an zuba dafin a tataccen fibirinojin ba a ga guda ba, kayan ba su lalace ba, gwajin ne ke buƙatar filasma ko a ƙara furoturombin. Na biyu, ɓawon itatuwa da yawa cike suke da tanin, bagaruwa ce kan gaba, shi ya sa majema ke jima da ita. Tanin na kama kowane furotin ya kwantar da shi, har da dafin, har da fibirinojin ɗin. Kafin a rubuta cewa tsiro ya karya dafi, a zuba ruwan tsiron a albumin zalla a ga ko shi ma ya kwanta.

Turombin da 'yan uwansa

Turombin ɗin ɗan Adam mai tsabta na da ƙarfin da ya kai wajen yunit 3,000 na NIH (ma'aunin Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka) a kowane miligiram, don haka yunit 1 a mililita kusan nanomola 9 zuwa 10 ne. Ƙaramar kwalba na iya isar ɗaki guda shekara. Matsalarsa mannewa: a ruwa mai sirki sosai yana liƙe wa gilashi, har da roba, ya ɓace. A yi amfani da bututun roba, a sa albumin kashi 0.1 cikin 100 ko PEG (foliyetilin gilaikol) a bafar sirkawa, a ajiye uwar, wato ruwan da ba a sirka ba, a pH 6.5, a raba ta maikurolita 20 zuwa 50 a ƙananan bututu. Shi kam, saɓanin fibirinojin, a kan ƙanƙara yake zama lokacin aiki.

Idan ya sha zafi a hanya, yana yanka kansa ya koma nau'in beta da gama. Waɗannan suna ci gaba da yanka sinadarin launi irin su S-2238 kamar babu abin da ya faru, amma da ƙyar suke daskarar da fibirinojin. Ɗakin da ya gwada da launi kawai zai ce kayan lafiya lau. Sai an gwada da agogo da fibirinojin gaskiya ke fitowa. Ku kuma duba ko yunit ɗin takardar na NIH ne ko na ƙasa da ƙasa, ku rubuta shi yadda yake a rahotonku.

Muna yaba wa nau'in da ake kawowa cikin giliserol kashi 50 cikin 100. Ba ya ƙanƙara a digiri 20 ƙasa da sifili, saboda haka ɗaukewar wuta da dawowarta ba sa jefa shi cikin narkewa da sake ƙanƙara, wanda shi ne babban mai kashe furotin. Ga yanayinmu wannan babbar fa'ida ce. Furoturombin, mai kilodalton 72, da filasminojin, mai wajen 90, ba su da rigima sosai. A filasminojin dai a tabbatar ko nau'in Glu ne ko Lys, domin na biyun ya fi saurin tashi nesa ba kusa ba, kuma sakamakonsu ba ya kwatantuwa.

Albumin da IgG

Albumin ne mafi haƙuri a cikinsu. Busasshensa na jure tafiya, yana zama a firji, yana narkewa ba gardama. Ma'auninsa a 280 shi ne 0.53, ba 0.67 na shanu ba, kuma wannan ruɗani kaɗai na karkatar da lissafi da kusan kashi ɗaya cikin biyar. A jel marar makaftoetanol yakan tsaya ƙasa da kilodalton 66 saboda ɗaurin salfa 17 da ke dunƙule shi. Ba alamar lalacewa ba ce.

Mai nazarin yadda magani ke manne wa albumin ya sayi wanda aka cire wa kitse, domin kitsen na zaune a wasu guraben da magani ke nema. Kuma kada a yi dabarar karɓo albumin ɗin asibiti mai kashi 20 cikin 100 don a rage kuɗi. An dafa shi awa 10 a digiri 60, an kuma zuba masa kafirilet da asetil-tiriftofan don ya jure dahuwar. Waɗannan na toshe gurbi na biyu na Sudlow, ɗaya daga manyan guraben magani biyu a jikin albumin, inda ibufurofen da dayazifam ke zama, kuma asetil-tiriftofan na da nasa hasken da zai rufe na tiriftofan ɗaya tilo da albumin ɗin ɗan Adam ke da shi. A ɗaya ɓangaren, sayen na ɗan Adam don toshe farantin ELISA, ko don gwajin nan na dafa albumin da ake yi wa tsirrai masu rage kumburi, ɓarnar kuɗi ce. Na shanu ya wadatar.

IgG ba ya son a yi ta narka shi ana mayarwa, yana cuɗewa. A juya shi minti 10 a ƙarfin 10,000 g kafin aiki, a raba 280 da 1.4 ko abin da takardarsa ta ce. A karanta ko akwai azayid a ciki, domin yana kashe HRP, enzayim ɗin da ke ba da launi a gwajin ELISA, yana kuma kashe ƙwayoyin da ake reno. Masu ba da jinin galibi mutanen Amurka ne ko Turai. Wannan ya sa IgG ɗinsu ya dace da zama ma'aunin wanda bai taɓa zazzaɓin cizon sauro ba, amma ba ya wakiltar jinin mutumin Giwa ko Soba. Haka haftogulobin, furotin mai kama himogulobin da ya zube a jini, da masu binciken sikila ke saye: nau'i uku ne, 1-1 da 2-1 da 2-2, kuma na gauraye ake sayarwa sai in an nemi wani takamaimai.

Hanya da ajiya

Kayan da aka turo a ƙanƙare suna zuwa cikin busasshiyar ƙanƙara mai digiri 78 ƙasa da sifili, wadda ke ƙarewa cikin 'yan kwanaki. Kwali zai sauka Legas ko Abuja ko Kano, ya jira takardun kwastan, sannan ya hau mota. Kuɗin wannan jigila kan iya fin kuɗin kayan. Shi ya sa muke cewa a nemi busasshe duk inda akwai, ɗakuna biyu ko uku su haɗa oda, kuma a yi sharaɗi da dillali a rubuce: lambar rukuni, takardar shaidar gwaji ta wannan rukunin ba ta wani ba, da cewa za a buɗe kwalin a gabansa a ga ko akwai sauran ƙanƙara. Dillalin da ya kawo kwalba babu takarda, ko da lambar da ba ta dace da ta jikin kwalbar ba, a mayar masa. A guji yin oda dab da hutun sallah ko na ƙarshen shekara.

Busasshen ma yana da nasa sharaɗi. A bar kwalbar ta huce zuwa zafin ɗaki kafin a buɗe, musamman da damina, in ba haka ba raɓa za ta sauka a garin ya dunƙule. A ɗan juya ta a santirifuj tukuna, domin miligiram 1 na iya maƙalewa gaba ɗaya a murfi.

Firiza mai narkar da ƙanƙararta da kanta ba ta dace ba. Ta kwance, mai murfi a sama, ta fi riƙe sanyi idan wuta ta ɗauke, musamman in an cika ta da robobin ruwa masu ƙanƙara, aka sa kayan a can ƙasa cikin kwalin soso. A daskarar da ruwa a ƙaramin kofi, a ɗora kwabo a kai, a ajiye kusa da kayan. Ranar da aka tarar da kwabon ya nutse, a sake gwada komai kafin a ci gaba da aiki.

Wasu kan tambaya ko ba gara a tace da kai ba. Ga koyar da ɗalibai da gwajin share fage, ƙwarai kuwa. Jinin shanu daga mayanka, kashi 9 da sitiret mai kashi 3.8 cikin 100 kashi 1, zai ba da fibirinojin mai amfani idan aka kwantar da shi da amoniyam salfet wajen kashi 25 cikin 100 na ƙoshi, aka maimaita sau biyu ko uku. Filasminojin na fita a bututun laisin-Sepharose, hanyar Deutsch da Mertz ta 1970, IgG kuma a bututun furotin G. Amma filasmar ɗan Adam, ko da wadda wa'adinta ya ƙare ce a ma'ajiyar jini, sai da izinin kwamitin ɗa'ar bincike. Kuma aikin da za a aika mujalla, ko wanda za a kwatanta da na wasu ƙasashe, ya fi tsayawa da ƙafarsa idan an yi shi da kayan da ke da lambar rukuni.

Takardar kowace kwalba za ta ce an gwada jinin ba a sami HIV ko ciwon hanta nau'in B da C ba. Wannan gaskiya ne, amma babu gwajin da ke kore kowace cuta, kuma yawancin kayan bincike ba a yi musu kashe ƙwayoyin cuta irin na magungunan asibiti ba. Ba na allura ba ne, ko a mutum ɗaya. Duk wanda zai taɓa su ya sa safar hannu da tabarau, ya kuma kammala rigakafin ciwon hanta nau'in B, allura uku: ta farko, bayan wata 1, da bayan wata 6. Abin da ya zube a rufe shi da tsumma, a jiƙa da bilic mai ƙarfin kashi 0.5 cikin 100, wato bilic ɗin kasuwa mai 3.5 kashi 1 da ruwa kashi 6, a bar shi aƙalla minti 10 kafin a goge. A haɗa sabon ruwan bilic kullum, domin na jiya ya riga ya yi rauni. Bututu da kan fifet da aka yi aiki da su a dafa su a otokilef, digiri 121 na minti 30, kafin su bar ɗakin.